Shekara Nawa, Wane Bel? Amsoshin Tambayoyin Iyaye Kan Sa Yara Tekwando, Kareti da Judo a Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye suka fi yi mana, wasu a bakin ɗakin atisaye in sun zo ɗaukar yara, wasu ta waya. Inda abu doka ce ta hukumar wasa, mun ambaci hukumar. Inda kuwa tsarinmu ne ko ra'ayinmu na masu horarwa, mun faɗa, don kada a cakuɗa biyun.

Malam, daga shekara nawa ake karɓar yaro?

Babu wata dokar duniya da ta yanke shekarar fara koyo. Hukumomi gasa da muƙami suke tsarawa, karɓar ɗalibi kuwa kowane gidan horo da tsarinsa. Mu dai daga shekara 6 muke karɓa, kuma ba ƙarfin jiki muke dubawa ba. Abin da muke so mu gani: yaro zai iya tsayawa a layi? Ya san dama da hagu? In aka ce "tsaya" zai tsaya? Zai iya kai kansa banɗaki? In aka gyara masa kuskure zai jure ko zai ɓarke da kuka? Yawanci wanda ya shiga firamare ya saba zama a aji ya kai wannan matsayin.

Ɗan shekara 4 ko 5 kuwa, kana tsakiyar nuna masa yadda ake dunƙule hannu, ƙadangare ya gifta ta taga, shi ke nan darasi ya tashi. Ba laifinsa ba ne, shekarunsa ne. In an samu inda ake da aji na musamman na irin waɗannan ƙanana, inda gudu ne da tsalle da birgima da koyon faɗuwa, na rabin awa ko ɗan fiye, to madalla. Amma kada a jefa shi cikin 'yan shekara 10 a ce zai saba.

Ɗana kuma shekararsa 14. Ya makara ke nan?

Sam. Babba ya fi saurin ɗaukar darasi, abin da ɗan shekara 7 zai yi wata biyu yana fama da shi, shi cikin mako biyu ya kama. Wahalarsa ɗaya ce, kunya: zai tsaya a layin baya da farin bel, ƙanin ƙaninsa yana gaba da kore. In ya haƙura da wannan na 'yan watanni, sauran mai sauƙi ne.

Launukan nan na bel, yaya jerinsu yake?

Asalin tsarin daga judo ne. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokiyo a 1882, shi ya fara raba ɗalibai zuwa matakai, kuma da farko fari ne da baƙi kawai. Yawan launuka daga baya ya bazu a Turai, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi da ya koyar a Faransa tun daga shekarun 1930. Kareti da tekwando duk daga nan suka ara.

A tekwando yawanci fari ne, sai rawaya, kore, shuɗi, ja, sannan baƙi, kuma tsakanin kowane launi biyu akwai rabin mataki da ake nunawa da ratsi a bakin bel ɗin. Matakan ƙasa ana kiransu gup, ana ƙirga su daga 10 ana saukowa zuwa 1. Daga baƙi kuma sai dan, shi kuma hawa yake yi daga 1 zuwa sama. A judo jerin da aka fi sani shi ne fari, rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, baƙi. Kareti ne mai rikici, domin salo-salo ne, Shotokan, Goju-ryu, Shito-ryu, Wado-ryu da wasunsu, kuma ko cikin salo ɗaya ƙungiyoyi kan bambanta. Saboda haka in ɗan maƙwabcinku yana da shuɗi naku yana da kore, kada hankalinku ya tashi, mai yiwuwa ma naku ne a gaba.

Wata nawa yaro zai yi kafin a canza masa bel?

A tsarinmu, wata uku zuwa huɗu a matakan farko, wata shida ko fiye in an kusa baƙi. Sai dai ba kalanda muke ƙirgawa ba, rajistar zuwa muke buɗewa. Kun san yadda shekara take a Kaduna: jarrabawar makaranta ta zo yaro ya ɓace mako uku, a yi hutun Sallah a tafi gida Zariya ko Birnin Gwari ko Katsina, Islamiyya ta sa musabaƙa. Duk uzuri ne na gaskiya, ba ma faɗa a kai, kuma ba za mu taɓa cewa a bar karatu don atisaye ba. Amma wanda ya zo sau goma cikin wata uku ba zai shiga gwaji tare da wanda ya zo sau talatin ba.

A gwajin ana duba jerin motsin da aka haddace: a tekwando su ne pumse, Taegeuk na 1 zuwa na 8 kafin baƙi, a Shotokan kata biyar na Heian su ne tushe. A judo abu na farko faɗuwa ce, yaron da bai iya faɗuwa ba tare da ya tokare ƙasa da tafin hannu ba, ba zai wuce ba ko da ya iya kayar da kowa. Sannan akwai hali. Wanda aka kawo mana ƙararsa cewa yana gwada shuri a kan ƙannensa ko 'yan ajinsu, gwajinsa ya ɗaga.

Na ga yaro ɗan shekara 10 da baƙin bel a Facebook. Gaskiya ne ko wasa da hankali?

Yana iya zama gaskiya, amma ba irin baƙin bel ɗin da kuke zato ba ne.

A tekwando, hedikwatar da ke ba da shaidar muƙami ita ce Kukkiwon, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, an kafa ta a 1972. Dokarta a fili take: wanda bai kai shekara 15 ba, ba a ba shi dan. Abin da ake ba shi sunansa pum, bel ɗinsa rabi ja rabi baƙi, wuyan rigarsa ma haka. In ya cika 15 sai a nemi a mayar masa da pum ɗin zuwa dan na daidai matakin. Pum huɗu ne kawai, na huɗun kuma sai an kai 18 yake komawa dan. Tsakanin matakan akwai jira na dole: shekara 1 daga na ɗaya zuwa na biyu, shekara 2 zuwa na uku, shekara 3 zuwa na huɗu. Wanda ya fara kai tsaye daga dan, ba ta hanyar pum ba, dan na biyu sai ya kai 16, na uku 18, na huɗu 21, na biyar 25. Na tara kuwa sai an haura 50. Don haka in matashi ɗan shekara 20 ya ce muku dan na shida gare shi daga Kukkiwon, ba sai kun yi dogon bincike ba, lissafin bai fita ba.

A judo, Kodokan ba ta ba da dan na farko ƙasa da shekara 14, ƙasashe da yawa ma sun ɗaga zuwa 15 ko 16. A jujitsun Brazil, wani wasa mai kama da judo, babbar hukumarsu ba ta yarda yaro ya ɗaura ko shuɗi ba sai ya kai 16, yara suna da nasu launukan daban. Kareti ba shi da doka guda, amma ƙungiyoyi da dama baƙin bel na yara suke bayarwa, in ya girma ya sake zama gwajin manya.

Me ya sa duk wannan? Domin yaro na iya haddace motsi tsaf, wani lokaci har ya fi babba kyan yi, amma ƙashinsa bai gama ƙwari ba, hankalinsa kuma bai kai na riƙon amanar abin da ya koya ba. Ku ɗauke shi kamar saukar Alƙur'ani: yaro ya yi sauka, a yi walima a yi murna, kuma ya cancanci murnar, amma ba wanda zai kai masa tambayar rabon gado washegari. Yanzu ne ma zai shiga littattafai. Wanda ke zuwa atisaye a kai a kai, shekara uku zuwa biyar ce ke kai shi wannan matakin. In wani ya yi muku alkawarin baƙin bel cikin wata takwas, kuɗin gwaji yake hange.

To yaya za mu gane shaida ta gaskiya?

Bel kansa tsumma ne, ana sayar da shi a shagon kayan wasanni, kowa na iya saya ya ɗaura. Takardar ita ce magana. Ta Kukkiwon tana da lamba, kuma ana iya duba ta a shafinsu na intanet da suna da ranar haihuwa. Ku tambayi mai horarwa kai tsaye: wa ya ba ka naka muƙamin, kuma gidan horon nan yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiha, wadda ke ƙarƙashin ta ƙasa? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, da kansa zai ɗauko takardun. An sha kawo mana yara da takarda mai ado da tambari kala-kala, an biya kuɗi masu yawa, amma ba hukumar da ta san da ita. Abin tausayin shi ne yaron ya yi wahalar da gaske, sai a wurin rajistar gasa ya ji labari.

A gasa fa, yaya ake raba shekaru?

Hukumar tekwando ta duniya tana da rukunin 12 zuwa 14, sai 15 zuwa 17, sai manya daga 17 zuwa sama, kuma manyan gasanninta sai mai shaidar pum ko dan ta Kukkiwon. Ta kareti tana da 'yan 12 da 13, 'yan 14 da 15, 'yan 16 da 17, sai 'yan ƙasa da 21. Gwabzawar manya daga 18 take farawa, kata kuwa daga 16. A judo rukunin 15 zuwa 17 ne, sai 'yan ƙasa da 21. A gwabzawa kuma, cikin kowane rukuni ana sake rabawa da nauyi.

Ga wani abu da ke rikita iyaye. A tekwando da judo shekarar haihuwa ake dubawa, ba ranar ba. Yarinyar da aka haifa a Disambar 2011, da zarar an shiga Janairun 2026 'yar 15 ce a wurinsu, ko da yake wata ɗaya kacal ta yi da cika 14. A kareti kuwa shekarun ɗan wasa a ranar farko ta gasar ake ɗauka.

A gida Najeriya, gasar matasa ta ƙasa, wadda aka yi shekaru ana yi a Ilori kafin ta koma Asaba, ta 'yan ƙasa da 15 ce. Sama da ita akwai bikin wasanni na ƙasa, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009. Ƙananan gasanni na cikin gari da na jiha sukan ware rukunin masu bel mai launi, don haka ba sai yaro ya kai baƙi zai fara shiga fili ba.

Kuma kada a ɗora wa yaro gaggawar lambar yabo. Chika Chukwumerije yana da shekara 24 ya ciyo wa Najeriya tagulla a tekwando a Olamfik ta Beijin a 2008. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar yana da 21 ya ci azurfa a tekwando a Olamfik ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Kofin da ɗan shekara 11 ya ci ko ya rasa ba shi ke nuna inda zai kai ba.

An ba mu shawarar mu rage masa shekara biyu don ya shiga rukunin yara. Kowa ma yana yi, in ji su.

Alhaji, a nan kam ba za mu raka ku ba, kuma duk yaron da muka gano an taɓa shekarunsa ba zai fita gasa da sunanmu ba.

A ƙwallon ƙafa, in an rage shekaru an cuci wani yaro an hana shi gurbi. A nan kuwa abin ya wuce gurbi. Saurayi ɗan 17 da ya gama buɗe ƙirji, a sa shi gaban ɗan 13 da muryarsa ko fashewa ba ta yi ba, a ce su yi shuri har kai. Ko nauyinsu ɗaya a sikeli, ƙarfin dukan ba ɗaya ba ne. Wancan yaron ma ɗan wani ne, uwarsa tana zaune a cikin 'yan kallo. Shi kuma wanda aka rage wa, ya saba cin ƙanana ba tare da ya gyara wasansa ba, ranar da ya haɗu da sa'o'insa na gaskiya sai ya rasa ta yi. Da yawa a nan suke ajiye wasan.

Ga kuma takardu. Yanzu ana neman lambar NIN a gasar matasa ta ƙasa, kuma ranar haihuwar da aka sa a shaidar Kukkiwon ita za ta bi yaro har tsufansa, dole ta yi daidai da ta fasfo. Mun san akwai masu matsala ta gaskiya, an haifi yaro a gida ba a yi masa rajista ba. Maganinta a je ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa tun yanzu a yi takardar haihuwa da shekarun gaskiya, kada a bari sai ana saura mako guda gasa. Ku kuma lura da rubutun suna. In takardar haihuwa ta ce Muhammad, ta makaranta ta ce Mohammed, NIN kuma ta juya sunan uba ya koma gaba, wannan kaɗai ya isa a tsayar da yaro a teburin tantancewa, abokansa suna ciki shi yana waje da jakarsa.

Wane irin abu ne ba a yarda yara su yi ba?

A judo, shaƙewa da murɗe gwiwar hannu ba na ƙananan yara ba ne. Ko a Japan, inda wasan ya fito, a 2022 hukumar judo ta ƙasar ta hana shaƙewa a gasar 'yan ƙaramar sakandare, ta kuma soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, saboda yadda manya suka mayar da ita ta ko a mutu ko a yi rai. A tekwando gasannin yara da yawa suna hana shurin kai ga 'yan ƙasa da 12. A kareti ma dokar taɓa fuska ta fi tsauri a rukunin yara.

Namu tsarin: ba gwabzawa sai yaro ya kai shekara 8 kuma ya wuce farin bel, sannan da hular kariya, da rigar ƙirji, da robar haƙora, da kariyar ƙwauri da hannu. Fasa bulo ko dukan bango don hannu ya yi kanta, babu shi ga yara, domin bakin ƙasusuwansu bai gama haɗewa ba, rauni a wurin yana iya taɓa girman gaɓar. Ba a kuma hana yaro abinci ko ruwa don ya faɗo rukunin nauyi na ƙasa, yadda sikeli ya same shi haka zai yi wasa.

Idan kun je duba gidan horo, ku dubi ƙasa kafin ku dubi kofunan da ke kan kanta. In ana kayar da yara a kan siminti tsura, ku kama hannun ɗanku ku fito. In kuma yaro ya sha duka a kai ya dawo gida yana amai, ko jiri, ko ciwon kai, ko wani irin barci da ba a saba gani ba, a wuce asibiti, kuma ba zai koma atisaye ba sai likita ya ce.

'Yata tana so, amma ina tunanin sutura da cuɗanya.

Hajiya, shekaru da matakan bel duk ɗaya ne ga mace da namiji, kuma a gasa mata da mata suke karawa. Tekwando ya yarda da ɗankwali a ƙarƙashin hular kariya. Hedaya Malak ta Masar da shi ta ci tagulla a Olamfik sau biyu. Hukumar kareti ta amince da rufe kai tun 2013, kuma Feryal Abdelaziz, ita ma 'yar Masar, ta ci zinare a Olamfik ta Tokiyo da kanta a rufe. Judo ne ke da tsauri kan rufe kai a manyan gasanni, saboda riƙo ake yi a wuya da kafaɗa. Kayan wasan kansu dogon wando ne da riga mai dogon hannu. Da zarar yarinya ta fara girma, ku nemi inda ake ware ajin mata ko inda mace ke horarwa, kuma kuna da damar ku zauna ku kalli darasi duk ranar da kuka so. Gidan horon da ya hana iyaye shiga, ku tambayi dalili.

Mun taso daga Kano, yaro yana da shuɗin bel. Zai koma fari?

In wasan ɗaya ne kuma yana da takarda, zai riƙe bel ɗinsa. Mukan duba shi na 'yan makonni, in akwai giɓi a cike kafin gwaji na gaba. In kuwa daga kareti zai koma tekwando ko judo, fari zai ɗaura, ko da baƙi gare shi a can.

Yaron da ya taso da kokawa ko dambe fa?

Shi ma fari. Dambe ba shi da bel, girman ɗan dambe a fage ake saninsa, da waɗanda ya kashe da sunan da makaɗa suka ba shi. Amma ɗan kokawa in ya shigo judo yakan ba mutane mamaki, domin ya riga ya san yadda ake karanta nauyin abokin karawa. Aikin da ke kansa shi ne koyon faɗuwa da bin doka.

An yi gwaji ƙaninsa ya wuce, shi bai wuce ba. Ya ce ya daina zuwa.

Wannan na faruwa, kuma yana da ciwo. Kada ku zo ku roƙa a ba shi don a zauna lafiya a gida, yaran da kansu sun san wanda ya iya, bel ɗin alfarma abin tsokana yake zama. Mukan gaya wa yaro abu biyu ko uku takamaimai da suka kayar da shi, mu sa masa ranar sake gwaji nan kusa. Naku aikin shi ne ku hana ƙanin yi masa gori, ku kuma kawo shi darasi na gaba ko yana kumbure-kumbure. Na farkon nan ne mai wuya.

Mai pum zai iya koyar da ƙanana?

Zai iya taimakawa, ya jagoranci ɗumama jiki, ya nuna motsi, malami yana tsaye. A bar masa aji shi kaɗai kuwa, a'a, sai ya kai 18 kuma ya yi kwas na horarwa da na taimakon gaggawa.

Me za mu kawo ranar farko, kuma yaya ake yi da azumi?

Kwafin takardar haihuwa, hoton fasfo biyu, lambar wayar wanda za a kira, da gorar ruwa. Kada ku sayi kayan wasa tukuna, wando mai saki da riga sun isa har a ga ko zai zauna. In za ku saya, ku ƙara girma kaɗan. A yanke masa farce, a cire sarƙa, ɗan kunne da agogo. In yana da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, ku faɗa mana tun ranar, ku zo da shawarar likitansa, mai asma kuma ya riƙa zuwa da abin shaƙarsa, musamman da hunturu in ƙura ta sauko. Da azumi ba ma sa gwajin bel, ana rage atisaye ya koma maimaita pumse da kata da miƙe jiki, kuma ana tashi da wuri yadda yaran Rigasa da Kawo da Tudun Wada za su isa gida kafin shan ruwa.